Littattafai Bakwai da Ta Mayar Masa

Ranar an wuni ana yayyafi, ɗakin karatun kwaleji sai warin jiƙaƙƙun takalma. Wani saurayi ya kasa zama, ya buɗe taga, ya rufe, ya leƙa ƙofa. Da safe sakamako ya fito. Shi ya zo na ɗaya, budurwarsa kuwa an ba ta gargaɗin ƙarshe, in ta sake faɗuwa kora ce.

Ta shigo mayafinta a jiƙe, ta dire masa littattafai bakwai. Dukkansu da hannunsa ya taƙaita mata darussan a ciki.

"Riƙe kayanka, Malam."

Ya dubi littattafan, ya dube ta. "Har da ni aka mayar?"

Ta kau da kai tana murza bakin mayafi. "Kai ke rubutawa, kai ke ganewa. Ni sai in yi ta kallon kyan rubutunka, in ɗauka na iya."

"To me zan yi miki?"

Ta ja kujera ta zauna, ta tura masa na farko. "Buɗe, kar ka nuna min. Tambaye ni. In na kasa, ban da tausayi."

A tambayar farko ta kakare. Bakinsa ya motsa zai ba ta amsa, ta harare shi, ya haɗiye. Da ƙyar ta lalubo rabinta.

Yanzu tana ajin ƙarshe, ba ta sake faɗuwa ba. Har yau shi ke tambaya, kuma har yau haɗiye amsa na ba shi wuya.