Gidan Zanzaro a Bututun Jirgi

Tafinta ya dube ni ya ce, "Baba, Bature ya ce kai ka yi wa jirgin asiri."

Ƙaramin jirgin sama na koyon tuƙi na kife a gonar doya bayan unguwar Gumbihini. An riga an rufe gawar sojan da ke koyo a cikinsa da bargo.

Tun farkon yaƙin Jamus nake wanke jiragen nan. Ƙarƙashin fiffiken kowanne akwai siririn bututu mai nuna wa matuƙi gudunsa. In ya toshe, matuƙi ya makance. Kullum da yamma nakan ɗaure bakinsa da jan ƙyalle, in kwance da safe. Sabon Baturen nan ya gani, ya ce laya ce, ya ƙone ƙyallayena a gaban leburori. Na so in yi bayani, ya ce mai wanki ba ya koya wa injiniya aiki.

Yau sun duba mai, sun duba inji, ba su ga komai ba, sai suka tuna da ni, suka sa ɗan sanda ya kamo ni.

Zuciya ta ɗebe ni. Na ture ɗan sandan da ke riƙe da ni, na ɓalle bututun, na buga shi a kan takalmin Baturen. Busasshiyar laka ta zubo, tsutsar zanzaro na motsi a ciki.

Na ce wa tafinta, "Gaya masa ga bokan nan. Shi za a ɗaure, ko wanda ya buɗe masa ƙofa?"