Kaset ɗin Saman Kanta

Tun da aka rage ma'aikata a ma'adinan Arlit, Nuhu ya buɗe gidan bidiyo, yana jera kaset-kaset bisa kanta gwargwadon darajarsu. Na sama duk finafinan zamanin da bai zo ba ne: birane masu duhu, mutanen ƙarfe, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. A garin da ya manta ƙamshin damina, wasu don ruwan kawai suke shigowa.

Da hantsi Dassin, wadda zai kai wa goron aure ranar Juma'a, ta shigo ba sallama. Ta sauko da kaset na ɗaya.

"Nuhu, sake faɗa mini abin da ya sa wannan ya fi duka."

"Duhunsa... da kiɗan."

"A'a. Cewa ka yi don ɗan sandan ya san inda wanda ake farauta ya ɓuya, aka karya masa yatsu, bai buɗe baki ba."

Ya sunkuyar da kai. Shekaranjiya sojoji suka zo wurinsa neman yayanta Ghissa, bisa zargin kai wa 'yan tawaye man fetur. Jiya aka ɗauke Ghissa a ƙauyen Gougaram, a maɓoyar da daga ita sai Nuhu suka sani.

"Bindiga suka ɗora mini a wuya, Dassin. Wancan fim ne."

Idonta ya kaɗa, amma ba hawaye. Ya ɗauka za ta rotsa kaset ɗin da ƙasa. Sai ta goge shi da bakin mayafinta, ta mayar da shi sama.

"Bar shi a wurinsa," ta ce. "Kai ne ka sauko."