Sa Hannun Da Ya Rage Wa Ilka

Matakalar ofishin rajista ashirin da biyu ce, amma Ilka ta rantse an ƙara wasu a cikin hutun nan. Ta tsaya a tsakiya tana haki, fom ɗinta rungume a ƙirji. Hanga tana bayanta, tana jan wata jibgegiyar jaka.

"Ke kuma wa ya aike ki da wannan kaya? Sai ka ce mai ƙaura."

"Mu je dai, Ilka," in ji Hanga. Sunan ya yi mata nauyi a baki, kamar kullum.

Zuwansu na shida ke nan tun da Satumba ta kama. Duk wanda ya zauna kusa da Ilka a jirgin ƙasan cikin garin Szeged sai ya ji labarin: ita ɗalibar ilimin halittu ce, tana so a ƙara mata ilimin halayyar ɗan Adam a matsayin ƙaramin fanni, amma ana ta yi mata wasa da hankali. Ta gaji da yanka kwaɗi, ta ce. So take ta san abin da ke sa mutum kuka.

Sharuɗɗan kuwa ta haddace su tsaf. Sai ɗalibi ya gama zango biyu. Matsakaicin makinsa kada ya gaza huɗu cikin biyar. Kiredit hamsin, ciki har da darasin share fage da na ƙididdiga, wanda ke kayar da rabin aji. Sannan sa hannun shugabannin sassan biyu. Takan manta ko ta karya kumallo, amma ba ta taɓa tsallake sharaɗi ɗaya ba.

A bakin ofishin ɗalibai sun yi layi, kowa da waya a hannu. Ilka kaɗai ce mai takarda. Suka matsa suka ba ta hanya, ita kuwa ta wuce ba ko godiya.

Jolika, matar da ta shekara talatin a bayan wannan kanta, ta miƙe tsaye da ganinta.

"Malama Ilka, barka da zuwa. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Yau ma za ki ce saura sa hannu ɗaya, ko?"

Haka Jolika ta faɗa mata sau biyar: komai ya cika, saura sa hannu ɗaya, ki dawo mako mai zuwa. Kowane karo Ilka takan fita tana faɗa, ta tsaya a shagon burodin da ke kusurwa ta cinye pogácsa biyu, ƙananan burodi masu gishiri, da zafinsu, tana tsara abin da za ta gaya musu in ta dawo. Ranakun nan ne kaɗai take cin abinci da daɗin rai. Hanga ta sani, Jolika ma ta sani.

Jolika ta ɗaga kai ta dubi Hanga. Hanga ta ajiye jakar a ƙasa, ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Jolika ta daɗe tana laluben hatimi a aljihun tebur, alhali yana gabanta. Da ta buga shi, tawadar ta ɗan zame.

"An amince, Malama. Shugaban sashe ya sa hannu da safen nan." Ta miƙa mata takardar. "An kuma ba ki ɗaki. Can tsallaken kogi, akwai lambu, akwai masu kula da ku. Yau za ki tare."

Ilka ta karɓi takardar da hannu biyu. Ta karanta, ta sake karantawa. Sai ta fashe da dariya, irin wadda Hanga ta yi shekara biyu ba ta ji ba.

"To, bari babana ya ji! Shi da ya ce wannan karatun 'yan duba ne." Ta juya ta cafke hannun Hanga. "Kin ga amfanin naci? Ashe shi ya sa kika kwaso kaya, munafuka, kin sani kika yi shiru! Gadon bakin taga nawa ne, na riga ki faɗa."

"Naki ne."

"Ke ki ɗauki na bakin ƙofa, tun da ke ce mai munshari."

Hanga ta sunkuyar da kai tana gyara zif ɗin jakar da ba abin da ya same shi.

"Ni ba a ba ni wuri ba, Ilka. Ban cika sharuɗɗan ba."

Dariyar ta ɗauke. Ilka ta dubi Jolika, ta dubi Hanga.

"Ni kaɗai zan kwana? Ban san kowa a can ba."

"Kullum zan riƙa zuwa. Wallahi kullum."

"Ƙididdiga ce ta kayar da ke, ko? Na sani." Ta buga tafin hannu a kan kanta. "Wane marar imani ne ya zauna ya rubuta waɗannan sharuɗɗa? A raba mutum da ƙawarsa saboda maki! Sai na nemo shi."

Hanga ta kama gwiwar hannunta, suka sauka a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya.

Jolika ta rufe tagar kantar, ba ta ko dubi layin ba. A jikin bango takardar sharuɗɗan tana nan manne, da sunan wadda ta tsara su a ƙasa: Farfesa Szendrei Ilka, wadda ta shugabanci sashen ilimin halayyar ɗan Adam shekara goma sha tara. A bakin titi kuma motar gidan tsofaffi masu ciwon mantuwa tana jira, Hanga ta sunkuya tana ɗaura wa mahaifiyarta bel.