Rigar Tsafe

"Ai wasa ne, Mannir, mi na ɓacin rai?" in ji abokinsa Yusha'u yana dariya.

Mannir ya dai zuba wa kwamfutar ido. A shekarar da aka buga kofin duniya a Faransa, ita kaɗai ce a shagonsa na buga takardu a Gusau. Da ita su biyun ke wasan riƙon ƙungiyar ƙwallo, kowa da tasa. Tun damina Mannir ke renon wani yaro ɗan gaba a wasan, har ya fara zura ƙwallaye. Da ya tafi Tsafe jana'izar mahaifinsa, Yusha'u ya shiga ƙungiyarsa ya sayar wa kansa yaron.

Mannir ya haɗiye fushinsa, har shayi ya saya wa Yusha'u.

Bayan sallah aka haɗa samarin Tsafe, garin su Mannir, da na Bungudu a filin ƙwallo. Yusha'u ne kocin Bungudu, kuma duk cika bakinsa da ƙanensa Lukuman yake yi, wanda ya horar tun yana buga ƙwallon tsumma. An kusa farawa, babu Lukuman. Can sai ga shi cikin rigar Tsafe, Mannir na dafe da kafaɗarsa. Ashe a ɓoye Mannir yake koya masa kwamfuta, har ya janye shi.

Ƙwallo uku Lukuman ya zura wa Bungudu.

Yusha'u ya cakumi wuyan rigar Mannir. "Ƙanena fa, ciki ɗaya!"

Mannir ya ɓamɓare hannun a hankali. "Ni in na kashe kwamfuta na huta da ganin nawa. Kai ko, da naka za ka ci tuwo yau."