Dutsen da Ke Gindin Tsamiya

Kwana da kwanaki ke nan abu ɗaya ke damun Atine. Ɗanta Sadisu ya samu gurbin karatu a jami'a, amma Tarihi aka ba shi, kuma abin da ya fi ƙona mata rai, yaron murna yake yi. Ita da ta tsaya a firamare ta san likita, ta san injiniya, ta san mai gyaran waya na bakin kasuwa da ba ya rasa na cefane. Mai Tarihi fa, wa zai kira shi ya yi masa me? Maƙwabciyarta ma ta faɗa mata, labarin matattu za a koya masa, ya dawo ya tare mata a zaure. Uban yaron ya rasu, ga ƙanne a bayansa, Sadisu kuma ya ce ba zai taka ƙofar makarantar ba sai ta sa masa albarka da bakinta. Da abin ya ishe ta sai ta ja mayafi ta nufi gidan kawunta Maiwada, tsohon da idonsa ya dushe amma kunnensa ke nan daram. Ya saurare ta har ta kai aya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai ya kawo mata misali.

Wai an yi wani tsoho mai haƙar rijiya da ke da wata ɗabi'a. Duk garin da aka kira shi, ba ya sa diga a ƙasa sai ya zauna da tsofaffin wurin. Ya tambayi daga ina kakanninsu suka taso, ina kufansu yake, me ya tashe su, har waƙar da mata ke yi in za su ɗebo ruwa sai ya ji ta. Akwai wani saurayi da ke koyon sana'ar a hannunsa, ƙaƙƙarfa, mai hannun aiki, wanda zaman nan ke ci wa rai. Cewa yake shi haƙa ya zo koya, ba tatsuniya ba. Da an shimfiɗa tabarma sai ya sulale ya je yana wasa bakin diga. Ya kuwa iya haƙa, ya iya ɗaure bakin rijiya, ya bar maigidan nasa, ya yi suna a ƙasar fadama inda ruwa ba ya nisa.

Wata shekarar fari aka kira shi wani ƙauye na kan tudu da rijiyarsu ta ƙafe. Ranar da ya sauka wata tsohuwa ta dogaro sanda ta zo, wai tana so ta ba shi labarin yadda garin ya kafu. Ya ce, "Iya, ki bari mu ga ruwa tukuna, sai a yi hira." Ya haƙa nan ya tarar da dutse, ya haƙa can ya tarar da busasshen yashi, har tafin hannunsa ya farfashe. Kullum in rana ta take yakan je bayan gari ya miƙe a gindin wata tsamiya, kan wani faffaɗan dutse, yana mamakin sanyinsa. Dabbobi suka fara faɗuwa. Tsohuwar ta rasu a bazarar nan, da ruwan da aka harhaɗo gida-gida aka yi mata wanka. Daga nan mutane suka ɗaure kayansu suka watse, shi ma ya saɓi digarsa ya tafi, ba wanda ya yi masa rakiya.

Bayan shekaru wasu makiyaya suka yada zango a kufan. Saniya ta taka gefen dutsen nan, ƙasa ta rufta. Ashe murfin rijiya ne, ta kakanni, an rufe ta tun zamanin yaƙi don kada mahara su sha, ga ruwa a ciki baƙi ƙirin don zurfi. Sai a lokacin jikokin tsohuwar suka tuna tana da wata waƙar niƙa da ke ambaton rijiyar tsamiya. Labari ya iske saurayin nan mai haƙa bayan ya tsufa. Ya juya tafin hannunsa yana kallo.

Atine ta ce, "Kawu, ni tsorona yunwa. Labari ba ya shiga tukunya."

"Ba ya shiga, 'yar nan," in ji shi. "Ban kuma ce miki zai samu aiki ba, na san masu digiri da ke jan babur. Amma mutumin can ba ƙarfi ya rasa ba, ba gwaninta ya rasa ba. Tambaya ce bai iya ba, gari guda ya tashi."

Ta dawo gida da nauyin da ya fi wanda ta fita da shi. Ta tarar da Sadisu yana wanke wa ƙannensa kayan makaranta, ya ɗago kai ya dube ta, ta wuce ɗaki. In ta hana shi, wa ya san rijiyar da ta rufe masa? In ta bar shi, me ƙannen za su ci kafin ruwan ya fito? Ku da kuka yi karatu mai nisa, ku da kuka ga yadda irin wannan ke ƙarewa, me za ta ce wa yaron nan? Ita dai maganar da Kawu ya sallame ta da ita a bakin zaure ce ta ƙi barin kunnenta: rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami.