Motar da Ba Ta Son Hanyar Kura

Ashiru ya wuce Na'ibawa ke nan, hanya ta buɗe, ya danna totur yadda ya saba, sai motar ta yi wata fizga, injin ya hau kururuwa kamar na markaɗe. Ya ɗaga ƙafa ya sake takawa, kukan ya ƙaru. Mahaifiyarsa Hajiya Kubura, da ke zaune a gefensa ta baza mayafi, ta yi salati a hankali. Haka suka lallaɓa har garin Kura, tsoro ya hana shi ƙara wuta.

Motar atomatik ce, 'yar Kwatano, ta ɗan kwana biyu a duniya. Rabin fitilun allon gabanta a mace suka zo, amma Ashiru ya ce ai ba fitila zai tuƙa ba. Yana son motar nan so mai tsanani. Daga gida zuwa shagonsa na tayil a Gyaɗi-Gyaɗi, 'yan adaidaita sahu ba sa barin kowa ya yi gudu, saboda haka ranar Lahadi kaɗai yake more ta, in zai kai Hajiya Kura gaida yayarta Indo. Yaron kirki ne, sai dai ƙafarsa da nauyi a kan totur, akwai shi da son gudu. Hajiya ta yi faɗa, ta yi nasiha, ta haɗa shi da kawunsa, daga ƙarshe ta zuba masa ido.

Litinin da safe ya kai motar garejin Malam Kabo a Tarauni. Bakaniken ya zaro ma'aunin man giya, ya duba launinsa, ya shinshina, ya ce bai ƙone ba amma ya tsufa. Aka juye, aka zuba sabo. Suka zaga da ita har Babban Giji, tana sauya giya sumul. Ashiru ya koma shago yana fito.

Ranar Lahadi, a daidai wurin nan, ta sake.

Abokai suka tura shi Unguwa Uku wajen Auwalu mai kwamfuta. Auwalu ya jona na'urarsa, na'ura ta ce lafiya lau. Amma da yake ba a zuwa wajen mai magani a fito hannu rabbana, ya sauya wata 'yar na'urar auna gudu, ya ce ita ce muguwar. Lahadi ta zo ta ƙaryata shi.

Ran Ashiru ya ɓaci. Ya roƙi Malam Kabo ya bi su Kura ya ji da kunnensa. Aka mayar da Hajiya kujerar baya tana mitar gwiwarta, bakanike ya zauna gaba ya kasa kunne. Motar ta shiga giyar ƙarshe ta miƙe kamar ba ita ba, zuwa da dawowa ko tari ba ta yi ba. Malam Kabo ya sha furar Inna Indo, ya ce wata motar haka take, kamar yaron da ke warkewa a ƙofar asibiti. Ashiru ya ji kunya ƙwarai.

Da ciwon ya dawo a mako na gaba, Malam Kabo ya daina dariya. Ya ce abu biyu ya rage: ko a sauke giyabos, wato akwatin giyar, a buɗe, ko a ɗaura wani ɗan Kwatano. Ya gaya masa gaskiya cewa giyar atomatik in aka buɗe ta da wuya ta koma yadda take, ɗan Kwatanon kuma sayen kifi ne a ruwa, ga kuɗinsa ya kusa rabin kuɗin motar. Ashiru ya kasa cin tuwo ranar. Duk da haka ya tsayar da magana, Litinin za a sauke.

Asabar da yamma ya je ya shaida wa Hajiya cewa daga gobe sai ta haƙura da Kura na wani lokaci. Ta kalle shi, ya ba ta tausayi.

"Kafin ka bari a farke mata ciki, gobe ka gwada lallaɓa ta," in ji ta. "Ko jaki ba ya son a razana shi."

Ashiru ya yi murmushi. Me Hajiya ta sani game da giya? Amma maganar uwa ce, kuma gwaji ba ya cin kuɗi.

Washegari ya bi ta a hankali, har manyan motoci na wuce shi. Giya ta shiga ɗaya bayan ɗaya, ta kai ta ƙarshe, shiru kake ji. Suka yi hira, suka tsaya sayen tumatir a bakin hanya. Litinin ya kira Malam Kabo ya ce a bar zancen saukewa.

Daga nan Ashiru ya zama malamin giya a majalisarsu. Duk wanda ya kawo kukan atomatik, sai ya gyara zama ya bayyana masa cewa irin wannan mota ba ta son gaggawa, shi ya gano da kansa bayan bakanike da kwamfuta sun gaza.

Sai dai hali zanen dutse. Wata Lahadi ana cikin hira ƙafar ta manta, allurar maleji ta fara hawa, bishiyoyi suka fara wucewa da sauri. Hajiya Kubura ba ta katse labarin da take bayarwa ba. Ta dai zura hannun hagu ta ƙarƙashin mayafi, ta danna ɗan maɓallin nan na jikin giya mai hana mota shiga giyar ƙarshe har sai an kashe motar, wanda fitilarsa ta allo na cikin matattun, yadda ta saba.