Mai Gadin Rumbun Kaka

Wata la'asar a Zandam na ɗauki danƙo na harbo mujiyar da ke zaune a kogon gawon bayan gidanmu. Na rugo da ita ina cika baki, ka ce zaki na kaso, tunda kowa na cewa tsuntsuwar mayu ce.

Kakana yana tufka igiya. Kullum tsokanar juna muke, amma ranar ko murmushi bai yi ba. Ya juya ta da sandarsa, ya dubi rumbun da muka cika da dawa.

"Ja'iri, ka kashe mai gadi," ya ce. "Yanzu wa zai cinye mana ɓerayen?"

Sai na ji ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin rumbun. Har yau in na ji wannan ƙarar, bakina mutuwa yake.